Gishiri Ne Amma Yana Kashe Asid: Sharhi Kan Sodiyam Kabonet

Sinadarai uku ne farare ke amsa sunan "soda", kuma sau da yawa ana ɗaukar su abu guda. Akwai bekin soda, wadda masana ke kira sodiyam bayikabonet, NaHCO₃. Akwai sodar wanki, wato sodiyam kabonet, Na₂CO₃. Sai kostik soda, sodiyam haidiroksaid, NaOH. Ta farko ana sa ta a abinci, har ana haɗa maganin ƙwannafi da ita. Ta ƙarshe kuwa tana cin fata ta bar gyambo. Kama da wane ba ta wane.

Ta tsakiyar ce ta fi ɗaure wa mutane kai. A wani shafin littafin kimiyya a ce gishiri ce, a wani a ce bes ce mai rauni, sannan a jikin kwalinta a tarar da gargaɗin kada ta shiga ido. Ɗalibin da aka koya wa cewa asid da bes suna kashe juna su bar gishiri da ruwa dole ya tambaya: in gishiri ne, me ya sa yake mayar da jar takardar litmos shuɗiya? In kuma mai rauni ne, gargaɗin na mene ne? Duk maganganun uku gaskiya ne, kuma amsarsu tana wuri guda, wato halin ayon ɗin kabonet idan ya sami kansa cikin ruwa.

## Asid, bes da ma'aunin pH

A wurin masu ilmin sinadarai, duk abin da ya samu daga haɗuwar asid da bes gishiri ne, ba na girki kaɗai ba. Idan gishiri ya narke a ruwa yakan rabu, kowane ɓangare ɗauke da cajin lantarki. Waɗannan ɓangarori su ake kira ayon.

Shi kansa ruwa yana ɗan rabuwa zuwa ayon biyu, H⁺ da OH⁻. Idan H⁺ ya rinjaya, ruwan ya karkata ga asid. Idan OH⁻ ya rinjaya, ya karkata ga bes. Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1909, shi ke nuna wanda ya rinjaya. Tsantsar ruwa a zafin digiri 25 yana kan 7. Ƙasa da haka asid ne, sama da haka bes. Abin da ake yawan mantawa shi ne tazarar lamba ɗaya ninki goma ce: ruwa mai pH 11 ya fi mai pH 10 yawan OH⁻ sau goma, ya fi mai pH 8 sau dubu.

Ma'anar bes ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Svante Arrhenius na Suwidin, a shekarun 1880, ya ce bes shi ne abin da ke ƙara OH⁻ a cikin ruwa. Wannan ya dace da kostik soda, domin OH ɗin yana jikinta ƙuru-ƙuru. To amma a duba Na₂CO₃: babu haidurojin ko ɗaya a cikinsa, balle OH. A 1923 Johannes Brønsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila, kowa aikinsa daban, suka kawo wata ma'anar: asid shi ne mai bayar da furoton, wato H⁺, bes kuma mai karɓar sa. A shekarar dai Gilbert Lewis a Amurka ya faɗaɗa maganar, ya ce bes shi ne mai miƙa tagwayen ilektiron. Ba za a ce Arrhenius ya yi kuskure ba, don ruwan sodiyam kabonet yana da OH⁻ da gaske. Sai dai ma'anarsa ba ta faɗi inda OH⁻ ɗin ya fito ba. Ta Brønsted da Lowry ce ta warware wannan, shi ya sa ita aka fi riƙewa a wannan batu.

## Abin da ke faruwa idan garin ya narke

Da zarar sodiyam kabonet ya shiga ruwa sai ya rabu:

Na₂CO₃ → 2Na⁺ + CO₃²⁻

Ayon ɗin sodiyam ɗan kallo ne, ba ruwansa da furoton. Aikin duk na kabonet ne. Shi kabonet saura ne na asid ɗin kabonik, H₂CO₃, bayan ya rasa furotonsa biyu. Kabonik asid ne mai rauni, ma'ana ba ya sakin furoton cikin sauƙi, musamman na biyun. Abin da bai so rabuwa da furoton ba tun farko, da ya ga hanya zai ƙwato shi, kuma wanda ya fi kusa da shi shi ne ruwa:

CO₃²⁻ + H₂O ⇌ HCO₃⁻ + OH⁻

Ga asalin OH⁻ ɗin nan. Kabonet bai zo da shi ba. Ruwa ya fizge wa H⁺, abin da ya rage ya zama OH⁻. Gishirin girki, NaCl, ba ya yin haka, domin asid da bes ɗin da suka haife shi duka masu ƙarfi ne, babu ɓangaren da ke neman komawa. Amoniyom kulorayid kuwa, wanda ya fito daga asid mai ƙarfi da bes mai rauni, yana jan ruwa ƙasa zuwa wajen pH 5. Saboda haka zancen cewa kowane gishiri yana kan 7 bai inganta ba. Sai an duba iyayensa.

Lambobi biyu ne ke tafiyar da lamarin, 10.33 da 6.35, a zafin digiri 25. Ana kiran su pKa. A pH 10.33 kabonet da bayikabonet suna kai ɗaya a yawa. Sama da nan kabonet ya fi yawa, ƙasa da nan bayikabonet. A pH 6.35 kuma bayikabonet da narkakkiyar iskar kabon dayoksaid ne ke kai ɗaya. Wato kabonet, bayikabonet da iskar da ke tashi daga lemon kwalba zuri'a ɗaya ce. Yawan furoton ɗin da ke jikinsu ne ya raba su, pH ɗin ruwan kuma shi ke yanke wanda za a tarar.

Akwai ɗan saɓani a littattafai kan lambar 6.35, wasu sukan rubuta kusan 3.6. Duka biyun daidai ne, abin da suke aunawa ne ya bambanta. Cikin iskar kabon dayoksaid da ta narke a ruwa, ko kashi 1 cikin 100 ba ya zama H₂CO₃ na haƙiƙa; sauran yana nan a matsayin iska narkakkiya. Wanda ya lissafa H₂CO₃ zalla zai sami wajen 3.6. Wanda ya haɗa shi da iskar gaba ɗaya zai sami 6.35, kuma ita ce lambar da ke aiki a ɗakin gwaji, tunda ba mai iya raba su a cikin kwalba.

## Mai rauni, amma ba mai sauƙi ba

A ɗauki lita ɗaya ta ruwa sau uku, a narka kashi ɗaya cikin goma na mol na kowace soda. Mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari, don haka kwalaben uku suna da ƙwayoyi daidai wa daida ko da nauyinsu ya bambanta: giram 8.4 na bayikabonet, giram 10.6 na kabonet, giram 4 na kostik soda. Na farko zai tsaya wajen pH 8.3, na biyu a lissafi wajen 11.6, na uku 13.

Tsakanin 8.3 da 11.6 akwai ninki kusan dubu biyu na OH⁻. Tsakanin 11.6 da 13 kuwa ninki ashirin da 'yan kai ne. A wannan ma'aunin sodar wanki ta fi kusa da kostik soda nesa ba kusa ba, duk da cewa a suna da kamanni bekin soda take kama da ita.

To me ya sa ake ce mata mai rauni? Saboda a cikin waccan litar, kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na kabonet ɗin ne kaɗai ya karɓi furoton daga ruwa. Sauran yana zaune bai motsa ba. Kostik soda kuwa tana sakin OH⁻ ɗinta gaba ɗaya nan take. Rauni a nan bayani ne kan kason da ya yi aiki, ba hukunci ba ne kan haɗari.

Wancan kason da bai motsa ba shi ne sirrin amfanin sinadarin. Kostik soda kamar wanda ya zube hatsinsa duka a tsakar gida ne, kabonet kuwa ya auno kaɗan ya bar sauran a rumbu. Duk lokacin da asid ya cinye OH⁻ ɗin da ke fili, wani kabonet ɗin sai ya sake fizgar furoton ya cike gurbin. Idan aka bi lissafin har ƙarshe, kowane kabonet ɗaya yana haɗiye furoton biyu, kowane OH⁻ ɗaya kuwa furoton ɗaya. Don haka giram 106 na sodiyam kabonet yana kashe asid ɗin da sai giram 80 na kostik soda ko giram 168 na bayikabonet za su kashe. Tsananin pH abu ne daban, yawan asid ɗin da abu zai iya kashewa abu ne daban, kuma yawancin ruɗanin da ake yi daga cakuɗa waɗannan biyu yake tasowa.

Ajiyar nan ce kuma ke sa sirka shi da ruwa ba ya rage masa kaifi yadda ake zato. Idan aka ninka ruwan kostik soda sau goma, pH zai sauko daga 13 zuwa 12. Idan aka yi wa kabonet haka, daga 11.6 zuwa 11.1 kawai zai sauko, domin ƙarin ruwa yana tayar da ƙarin kabonet ya shiga aiki.

## Matakai biyu a ɗakin gwaji

Inda ake ganin wannan hali da ido shi ne awon ɗigo-ɗigo, wanda ake kira taitireshan. Ana zuba mililita 25 na waccan litar kabonet a kwalba mai faɗin gindi, a ɗiga finoftalin, sinadarin da ke sauya launi gwargwadon pH, nan take ruwan ya koma ruwan hoda mai haske. Daga dogon bututun gilashi mai awo da ɗan famfo a ƙasa, ana sakin asid ɗin haidirokulorik mai yawan mol iri ɗaya, hannu ɗaya na kan famfo, ɗayan na jujjuya kwalbar. Duk inda ɗigon ya faɗa launin yakan ɓace na ɗan lokaci ya dawo. Babu kumfa. A hankali launin yana dusashewa, har a mililita 25 na asid ya tafi gaba ɗaya. A nan pH yana wajen 8.3, kuma duk kabonet ɗin ya zama bayikabonet:

CO₃²⁻ + H⁺ → HCO₃⁻

Ɗalibi da yawa a nan suke rufe famfo su ce an gama, alhali rabin tafiya aka yi. Sai a ɗiga wani sinadarin nuna launi, metil oranj, ruwan ya zama rawaya, a ci gaba da sakin asid. Yanzu ne iska take fara samuwa, 'yan ƙananan ƙwayoyinta na manne wa jikin gilashi:

HCO₃⁻ + H⁺ → H₂O + CO₂

A mililita 50 rawayar takan juya zuwa ruwan goro, pH ya sauko wajen 4. Mataki na biyu ya ci asid daidai da na farko, ba ƙari ba ragi.

Wannan daidaito ya zama abin aiki. Idan aka auna wani gari aka ga mataki na biyu ya fi na farko cin asid, to akwai bayikabonet a gauraye. Idan na farko ne ya fi, akwai kostik soda a ciki. Irin wannan gauraye ba sai da ha'inci ba: kostik soda da aka bari a buɗe tana shan kabon dayoksaid daga iska ta koma kabonet sannu a hankali.

Masu aikin sun san matakan biyu ba su kai kaifi ɗaya ba. Na farko yana da duhu, launin ba ya ɗaukewa lokaci guda, domin tazarar lambobin pKa biyun wajen 4 ce kawai. Kuma idan ba a jujjuya kwalbar da kyau ba, asid yakan taru a wuri ɗaya ya tura wani kabonet har mataki na biyu, iskar ta gudu, lissafi ya ɓaci. A na biyun kuma iskar da ta narke tana sa launin ya juya da wuri, shi ya sa ake tafasa ruwan dab da ƙarshe a kore ta, a huce, a ƙarasa. Duk da waɗannan, sodiyam kabonet da aka busar a zafin digiri 270 zuwa 300 yana cikin sinadaran da ake dogara da su wajen tantance ƙarfin asid, saboda ana samun sa da tsarki kuma ana iya auna nauyinsa daidai.

Wani abin lura: idan aka juya tsarin, aka ɗiga kabonet a cikin asid, kumfa take tashi tun daga ɗigon farko. Furoton sun yi yawa a wurin, kowane kabonet da ya faɗa yana samun biyunsa lokaci guda.

## Daga toka zuwa masana'anta

Kafin zamanin masana'antu ana samun sinadarin daga tokar wasu tsirran gaɓar teku, ko daga busassun tafkuna. Kanwa irin wannan ce, gaurayen kabonet da bayikabonet da wasu gishirin. Misirawan dā suna haƙo ta a Wadi Natrun don busar da gawa. A yau ana haƙar ma'adinin tirona, mai ɗauke da kabonet da bayikabonet tare, a yankin Green River na jihar Wyoming a Amurka da Tafkin Magadi a Kenya.

A 1791 Nicolas Leblanc na Faransa ya sami shaidar mallakar hanyar yin sa daga gishirin girki, asid ɗin salfiyurik, farar ƙasa da gawayi. Hanyar ta wadata masu gilashi da sabulu, amma tana fitar da hayaƙin haidurojin kulorayid, wanda ke ƙone amfanin gona a kewayen masana'antu. Abin ya kai majalisar Birtaniya ta kafa doka a 1863 da ta tilasta kame kashi 95 cikin 100 na hayaƙin.

Hanyar da Ernest Solvay na Beljiyam ya tsayar a shekarun 1860 ita ta ture ta, kuma kusan duk dabararta wasa ne da furoton. Ana cika ruwan gishiri da amoniya, a hura masa kabon dayoksaid. Amoniya bes ce, tana karɓe furoton ɗaya, iskar ta zama bayikabonet. Sodiyam bayikabonet ba ya narkewa sosai, sai ya kwanta a tace shi, a gasa:

2NaHCO₃ → Na₂CO₃ + H₂O + CO₂

Amoniyar kuma ana dawo da ita ta hanyar zuba ƙonanniyar farar ƙasa, bes ɗin da ya fi ta ƙarfi. Wajen rabin abin da duniya ke samarwa gilashi yake tafiya, inda yake rage zafin da yashi ke bukata kafin ya narke.

## Abin da ya shafi mai amfani da shi

A wanki aiki biyu yake yi. Yawan OH⁻ yana sassauta maiƙo, ya mayar da wani ɓangarensa sabulu. Sannan kabonet yana kama kalsiyam ɗin da ke hana wasu ruwaye yin kumfa, ya kwantar da shi a matsayin alli, sabulu ya sami sarari. Kaifin da ke cin maiƙo shi ne kuma ke lalata ulu da siliki, ya busar da fatar hannu har ta tsage idan aka daɗe ana cuɗa ba safar hannu. Tukunyar alminiyom ma ba ta jure masa: fatar da ke kare ƙarfen tana narkewa a pH mai yawa, tukunyar ta yi duhu ta fara cinyewa, musamman a ruwan zafi.

Haɗa shi da khal ko ruwan lemon tsami don a ƙara ƙarfin wanki asara ce. Kumfar da ake gani alama ce ta cewa suna kashe juna, abin da zai rage ruwan gishiri ne maras kaifi. Haɗa shi da jiƙaƙƙiyar farar ƙasar da aka ƙona kuwa akasin haka yake haifarwa: alli ya kwanta, ruwan da ke sama ya zama kostik soda. Da wannan hanyar ake yin kostik soda a dā.

Nau'in da aka saya ma yana da tasiri a awo. Akwai busasshen gari, akwai kuma mai ƙanƙara-ƙanƙara, Na₂CO₃·10H₂O, wanda kusan kashi 63 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Giram 286 nasa ne ke daidai da giram 106 na busasshen. Busasshen yana ɗumama ruwa idan yana narkewa, kuma in aka bar shi a buɗe yakan sha danshi ya dunƙule. Mai ƙanƙarar kuwa a busasshiyar iska yakan saki ruwansa ya yi fari fat a sama.

Masu tace ruwan sha suna sa shi kaɗan a ruwan da ya karkata ga asid, don kada ya ci bututu ya kwaso tagulla ko dalma. Masu kula da tafkin wanka, waɗanda ke son pH tsakanin 7.2 da 7.8, sun san bambancin sodar wanki da bekin soda da kyau: kabonet suke sawa idan pH ya faɗi, bayikabonet kuma idan suna son ruwan ya daina hawa da sauka ba tare da pH ya yi tsalle ba.

Wurin da musanya ɗaya da ɗaya ke da haɗari shi ne jiki. Bayikabonet yana cikin jini tun asali, shi da kabon dayoksaid ke riƙe pH ɗinsa tsakanin 7.35 da 7.45. Kabonet ba a shan sa don ƙwannafi, yana iya ƙona baki da maƙogwaro. Bekin soda da aka gasa a wuta mai zafi ita ma ta tashi daga bekin soda, ta zama kabonet, nauyinta ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan gari ko ruwan kabonet ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 sannan a nemi likita. Bes yana ratsa naman ido fiye da yadda asid ke yi. Wanda ya haɗiye shi ba a sa shi amai, domin zai sake ƙona hanyar da ya bi, kuma ba a ba shi abu mai tsami da sunan kashe sodar, tunda haɗuwarsu a ciki zafi da iska za ta tayar. A kurkure masa baki a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha.